Wayar da Ke Kira Amma Ba a Iya Kiran Ta

Kusan duk mai koyon rubuta manhajar sadarwa yana da wani dare irin wannan. Ya zauna gaban kwamfutarsa, ya rubuta layi ashirin ko talatin da Python ko C, ya kunna, manhajar ta ce tana sauraro a ƙofa ta 8000. Ya buɗe burauza a kan kwamfutar, ya rubuta 127.0.0.1 da lambar ƙofar, sai ga gaisuwar da ya rubuta da hannunsa ta bayyana a allo. Daɗi ya kama shi. Nan take ya shiga ɗaya daga cikin shafukan nan da ke gaya wa mutum adireshinsa na intanet, ya kwafo lambar, ya tura wa abokinsa da ke Zariya ko Maraɗi, ya ce masa ya buɗe ya ga abin da ya haɗa. Abokin ya buɗe, burauza ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta ce ba a samu amsa ba. Sai a shiga farautar kuskure: a bi layi-layi, a kashe katangar tsaro, a sauya lambar ƙofa, a kashe data a sake kunnawa. Da gari ya waye sai ya zo ya ce, "Malam, don Allah a duba mini, na rasa inda na yi kuskure." Sau da yawa amsar gaskiya ita ce, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da ya yi karo da shi ya girme shi, kuma kafin ya gane shi sai ya san abu biyu, wato mene ne soket, da yadda aka yi rabon adiresoshin intanet.

Kalmar soket ta riga ta shiga bakinmu ta hanyar lantarki, ramin nan na bango da ake cusa caja. Ma'anarta a nan ba ta yi nisa da wannan ba. Ƙaramar manhaja ba ta da ikon taɓa katin sadarwa ko eriyar waya da kanta. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, Linux ce ko Windows ko Android, ita ke riƙe da wannan. Saboda haka sai ƙaramar ta roƙi babbar ta buɗe mata wata kafa, babbar ta buɗe, ta miƙo mata lamba kamar yadda ake ba mai ajiyar kaya lamba a tasha. Duk abin da manhaja ta zuba a kafar nan zai fita waje, duk abin da ya iso mata a nan za ta ɗebe shi. Kafar ita ce soket.

A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley aka tsara wannan salo, ya fito a 1983 cikin wani nau'in Unix mai suna 4.2BSD, da kuɗin DARPA, hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka. A farkon shekarar ne kuma, ranar 1 ga Janairu, ARPANET, cibiyar sadarwar da intanet ta tsiro daga gare ta, ta koma amfani da ƙa'idojin aika saƙo na TCP/IP waɗanda Vint Cerf da Bob Kahn suka kafa tubalinsu tun 1974. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma umarnin da aka raɗa wa suna a wancan lokaci su ne ɗalibi ke rubutawa yau, kuma su ne ke ƙarƙashin kowace manhaja da ke wayarka.

Tsarin ya raba aiki gida biyu, akwai mai jira akwai mai kira. Mai jira yakan buɗe soket, ya yi bind, wato ya kama rumfarsa ya ce a wannan adireshi da wannan ƙofa za a same ni. Sai ya yi listen, ya buɗe ƙyaure ke nan. Sannan ya yi accept, ya zauna jiran wanda zai yi sallama. Mai kira kuwa aikinsa gajere ne, ya buɗe soket ya yi connect zuwa adireshin da yake nema. Kafin magana ta fara gudana, na'urorin biyu sukan yi musayar ƙananan saƙonni uku, irin abin da muke yi idan sabis ba ƙarfi: "Kana ji na?" "Ina jin ka, kai kana ji na?" "Ina ji." Daga nan hanya ta buɗe ta kowane ɓangare.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, babu inda tsarin ya ce wane ne babba wane ne ƙarami. Bai ce sai kamfani ne zai yi listen ba. Wayar da ke aljihunka tana da ikon kama rumfa ta buɗe ƙyaure, daidai da yadda kwamfutocin Google suke yi. Waɗanda suka gina intanet sun ɗauka cewa kowace na'ura za ta sami adireshinta na kanta wanda duniya duka za ta iya nema, cibiyar da ke tsakiya kuma aikinta kai saƙo kawai, ba ruwanta da wa ya fara magana.

Adireshi yana kai saƙo bakin na'ura ne, lambar ƙofa ita ke faɗin manhajar da za ta karɓa. Lambobin ƙofa daga 0 suke zuwa 65,535. An ware wasu don ayyuka sanannu: 80 ta shafukan yanar gizo, 443 ta shafukan da aka kulle saƙonsu, 22 ta shiga kwamfuta daga nesa, 53 ta neman adireshi da suna. Ɗalibai kan tambaya, to idan ƙofofi 65,535 ne kawai, ta yaya kwamfuta ɗaya ke karɓar miliyoyin mutane? Dalili shi ne ba da ƙofar mai jira kaɗai ake gane hira ba. Abu huɗu ake haɗawa: adireshin mai kira da ƙofarsa, adireshin mai jira da tasa. Muddin ɗaya cikin huɗun ya bambanta, hira ce daban. Duk lokacin da accept ya dawo, sabon soket yake miƙowa don wannan baƙon shi kaɗai, na farkon kuma ya ci gaba da tsaron zaure. Tun a farkon 2012 WhatsApp ya ba da labarin cewa ya riƙe haɗi fiye da miliyan biyu a lokaci guda a kan kwamfuta ɗaya mai aiki da babbar manhajar FreeBSD.

Kafin a ɗora laifi a kan tarihi, akwai kurakuran da da gaske na ɗalibi ne, kuma ya kamata a fara kawar da su. Na farko, 127.0.0.1 sunan da kowace na'ura ke kiran kanta da shi ne, saƙon da aka aika can ba ya ko taka waje. Wanda ya yi bind a kansa ya buɗe ƙofar ɗaki ne ta cikin gida, ko kwamfutar da ke kusa da shi a tebur ba za ta same shi ba. Mai son a same shi ta kowace hanya 0.0.0.0 yake rubutawa. Na biyu ya shafi masu rubutu da C: yawancin kwamfutocinmu suna ajiye lamba da ƙaramin ɓangarenta a gaba, ƙa'idar intanet kuma babban ɓangare take sa wa a gaba. Wanda ya manta da htons, umarnin da ke jera lambar yadda intanet ke so, ya ce ƙofa ta 80, zai tarar da manhajarsa zaune a ƙofa ta 20480.

Na uku ya fi su ɓoyewa. TCP bai san iyakar saƙo ba, kamar bututun ruwa yake. In ka zuba bokiti biyu ɗaya bayan ɗaya, wanda ke ɗaya bakin ruwa kawai zai gani yana zuwa, ba zai san inda bokitin farko ya ƙare ba. Kana iya yin send, umarnin aikawa, sau biyu abokin hira ya karɓa a recv, umarnin karɓa, sau ɗaya, kana iya yin sau ɗaya ya iso masa gutsi-gutsi sau uku. A kan 127.0.0.1 wannan ba ya cika nuna kansa, don hanyar ba ta da gargada. Sai manhajar ta hau layin waya a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa sannan ta fara ɓarin saƙo. Maganinsa shi ne mai rubutu ya sa wa saƙonsa iyaka da kansa, ko ya fara faɗin tsawonsa, ko ya rufe shi da wata alama. Na daɗe da ganin cewa wanda ya koyi aikin nan a inda sabis ke da rauni ya fi saurin zama gwani, domin hanyar ba ta rufa wa kowa asiri.

To a ce duk an gyara waɗannan, abokin da ke Zariya har yanzu bai samu shiga ba. A nan maganar adireshi ta taso.

Adireshin da muka saba gani, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, shi ne IPv4, wanda aka rubuta ƙa'idarsa a watan Satumba na 1981. Faɗinsa bit 32 ne, gurbi 32 ke nan da kowanne ke ɗaukar 0 ko 1, wato iyakar abin da zai iya bayarwa shi ne adiresoshi 4,294,967,296. In aka cire waɗanda aka ware don ayyuka na musamman, abin da ya rage wajen biliyan 3.7 ne. A lokacin mutanen duniya wajen biliyan huɗu da rabi ne, kwamfuta kuwa kayan jami'o'i ce da sojoji da manyan kamfanoni. Cerf ya sha faɗa da bakinsa cewa shi ya zaɓi bit 32, a zatonsa gwaji ake yi, in ya yi kyau a zo a gina na gaske. Gwajin ne ya kuɓuce ya zama intanet ɗin da muke ciki, yau kuma mutanen duniya sun haura biliyan takwas, da yawa cikinsu da na'ura fiye da ɗaya.

Yadda aka yi rabon ya ƙara wa ƙarancin tsanani. A ɗauki lambar farko ta adireshi a matsayin fili, filaye 256 ke nan, kowanne da adiresoshi 16,777,216 a cikinsa. A shekarun farko fili sukutum ake ba wasu manyan kamfanoni da hukumomin da suka nema. IBM ya samu fili na 9, Apple na 17, jami'ar MIT na 18, kamfanin motoci na Ford na 19. Ma'aikatar tsaron Amurka tana riƙe da fiye da goma. Filayen da suka zo hannun AFRINIC, hukumar da ke raba wa Afirka baki ɗaya, ba su kai goma ba, ga nahiya mai mutane fiye da biliyan ɗaya. Ban ɗauki wannan a matsayin makirci ba. Waɗanda ke wurin a lokacin su aka ba, wanda ya riga ka barci kuma dole ya riga ka tashi. AFRINIC ma sai a 2005 aka amince da ita a hukumance, da ofishinta a ƙasar Mauritius. Amma rashin mugun nufi bai sauya sakamakon ba.

Tun farkon shekarun 1990 masana suka hango rumbu zai ƙare. A 1993 aka daina rabon fili-fili, aka koma yanka daidai buƙata. A 1994 aka fito da dabarar da ake kira NAT, takardar da ta gabatar da ita kuma ta bayyana ta a matsayin maganin wucin gadi kafin na dindindin ya iso. A 1996 aka tabbatar da wasu adiresoshi na cikin gida waɗanda kowa zai iya amfani da su ba tare da neman izini ba: masu farawa da 10, da masu farawa da 192.168, da wani yanki na 172. Shi ya sa rautar gidanku, na'urar nan da ke raba intanet a gida, da ta gidan maƙwabta duk 192.168 suke nunawa ba tare da rikici ba. Waɗannan lambobin ɗaki ne, ba a san su a titi ba.

Ka ɗauki babban gidan haya mai ɗakuna da yawa, ƙofar waje ɗaya, da mai gadi da littafinsa. Ɗan ɗaki na 7 ya ba da saƙo a kai waje. Mai gadi ya goge lambar ɗakin ya sa adireshin gidan, ya ƙara wata lambar ƙofa da ya zaɓa, ya rubuta a littafi cewa amsar da ta dawo da wannan lamba ta ɗaki na 7 ce. Amsa ta dawo, ya duba littafi, ya miƙa. Aikin NAT ke nan, kuma yana tafiya sumul matuƙar na ciki ne ya fara magana. Amma bari baƙo ya zo daga waje da saƙo ba tare da an aika masa ba. Mai gadi ya duba littafi, babu layin da ya dace, bai san ɗakin da zai kai ba, sai ya jefar. Ba ya ko gaya wa baƙon an ƙi, shi ya sa burauzar abokin nan ta yi ta juyi har ta gaji.

In rautar taka ce, da sauƙi, kana iya shiga ka umarce ta cewa duk wanda ya zo ƙofa ta 8000 a kai shi ɗaki kaza. Matsalar ita ce mafi yawanmu ta layin waya muke hawa intanet, kamfanonin waya kuma sun kafa nasu mai gadin a can cibiyarsu, wanda dubban mutane ke bayansa. A 2012 har wani yanki na musamman aka ware don wannan aiki, daga 100.64 zuwa 100.127. Wanda ya kunna hotsfot ko MiFi ya haɗa kwamfutarsa, masu gadi biyu ne a gabansa, na biyun kuma ba ya karɓar umarni daga gare shi. Kowa na iya gwadawa: ka duba adireshin da wayarka ta nuna a saitinta lokacin da take kan data, ka kwatanta da wanda shafin duba adireshi ya nuna. In sun bambanta, lambar da ɗalibinmu ya tura wa abokinsa ba tasa ba ce, ta ƙofar gidan haya ce da yake rabawa da mutanen da bai taɓa gani ba.

Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, kuma dole a faɗa, ba don NAT ba da miliyoyinmu ba mu hau intanet da araha haka ba. Sai dai kuɗin da muke biya a kansa ba ya fitowa a rasit. Littafin mai gadi yana da iyaka, saboda haka in hira ta yi shiru na ɗan lokaci sai ya goge layinta. Dole waya ta riƙa tura ɗan ƙaramin saƙo lokaci-lokaci don kada a manta da ita, wannan kuwa caji ne da data. Tunda ba a iya kiran wayarka, sanarwar saƙo ma dabara ake yi: wayar ce ke buɗe doguwar hanya zuwa kwamfutocin Google ko Apple ta riƙe ta, duk mai son taɓa ka sai ya bi ta wurinsu. Mutum biyu a unguwa ɗaya in za su yi kiran bidiyo, sai wata kwamfuta ta uku ta gaya wa kowannensu yadda ake ganin sa daga waje, su yi ƙoƙarin huda littattafan masu gadinsu a lokaci guda, in abin ya ƙi sai muryar ta zaga ta wata cibiya mai nisa. Ɗan kasuwar da ya sa kyamarar tsaro a shagonsa na Kantin Kwari yana kallo daga gida, galibi sai da taimakon kwamfutar kamfanin da ya ƙera kyamarar ake haɗa shi da ita, domin shagon ba shi da adireshin da za a nema kai tsaye. Ranar da kamfanin ya rufe wannan hidima, kallon daga nesa ya tsaya.

Akwai kuma laifin wani da ke shafar wani. Shafukan intanet da adireshi suke gane mai damun su. In mutum ɗaya a gidan hayar ya yi ɓarna aka toshe adireshin, duk gidan aka toshe. A farkon 2007 an ba da labarin yadda toshe adireshi guda a Wikipedia ya shafi masu gyara daga kusan duk ƙasar Katar, domin ta ƙofa ɗaya suke fita. Masu rubutu a Wikipedia daga Najeriya da Ghana sun sha kokawa da irin wannan, a shirya taron koyar da sababbin marubuta, a zo a tarar an toshe adireshin da layinsu ya fito da shi. Yawan tambayar nan ta ka tabbatar kai mutum ne, wani ɓangarenta daga nan yake. Wannan kuma ya shafi shari'a: adireshi shi kaɗai ba ya nuna mutum. Sai an haɗa da lambar ƙofa da ainihin lokaci, an koma littafin kamfanin, kafin a ce wane ne. Duk mai bincike ko alƙalin da bai san haka ba yana iya kama marar laifi.

Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, babbar ma'ajiyar duniya, IANA, ta raba filaye biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar, Afirka ta samu fili na 102. Asiya ta shiga filinta na ƙarshe a watan Afrilun shekarar, Arewacin Amurka ya ƙare a Satumban 2015, Turai ta ba da na ƙarshenta a Nuwamban 2019. Abin da ya yi ƙaranci kuwa dillalai ba sa barin sa. Tun 2011 Microsoft ya sayi adiresoshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya karye, a kan dala miliyan 7.5. A 2017 MIT ta sayar wa Amazon wani ɓangare na filinta. Daga Fabrairun 2024 Amazon ya fara cajin rabin santin dala a kowace awa kan kowane adireshin IPv4 na waje, kusan dala 44 a shekara. Ga kamfanin Amurka wannan ba komai ba ne. Ga ɗalibin da zai canza naira ko sefa ya biya, kuɗi ne.

Wani abu da ya fi ci mini rai shi ne, Afirka ce yankin da ya fi kowa daɗewa da sauran adiresoshi a rumbu. Lokacin da wasu ke saye a kasuwa, mu muna da su a ajiye, amma kamfanoni da yawa suka gwammace su cusa jama'a bayan NAT maimakon su nema su raba. Saura a rumbu kuma ya jawo idon na waje. An gano an karkatar da miliyoyin adiresoshi daga rajistar AFRINIC. Rikicinta da wani kamfani mai rajista a Seychelles, wanda ya karɓi miliyoyin adiresoshi ana ba da hayarsu a wajen nahiyar, ya kai ga kotu ta rufe asusun ajiyarta a 2021, a 2023 kuma kotun ƙolin Mauritius ta naɗa mai riƙon hukumar. Saboda haka ba dukan laifin ne na rabon farko ba, akwai namu kason.

Maganin dindindin ɗin da aka yi alkawari yana nan tun Disamban 1995, wato sabon nau'in adireshi mai suna IPv6. IPv6 faɗinsa bit 128 ne, adadin da yake bayarwa kusan 340 ne da sifili 36 a bayansa. Ƙaramin yankin da aka saba ba gida ɗaya ko waya ɗaya ya ninka dukan IPv4 sau biliyan huɗu da ɗoriya. To me ya hana? Masu tsara shi sun yi shi ta yadda ba ya magana kai tsaye da tsohon. Na'ura mai IPv4 kaɗai ba za ta iya kiran mai IPv6 kaɗai ba sai da tafinta a tsakani. Saboda haka kowane kamfani sai ya riƙe biyun na tsawon shekaru, ya kashe kuɗi yau a kan amfanin da sai wasu sun bi sahu zai gani. Kowa ya tsaya jiran kowa. Sai ranar 6 ga Yuni, 2012, manyan shafuka irin su Google da Facebook suka kunna shi suka bar shi a kunne. Daga Yunin 2016 Apple ya wajabta wa duk manhajar da za ta shiga shagonsa ta iya aiki a inda IPv6 ne kaɗai. A shekarar ce kamfanin waya na Jio ya fara aiki a Indiya da IPv6 tun daga tushe, abin da ya sa ƙasar ta shiga sahun gaba a duniya, wanda ke nuna ba sai ƙasa mai arzikin Turai ce za ta iya ba. A ƙididdigar Google masu shigo masa ta IPv6 sun haura kashi 40 cikin ɗari, yawancin ƙasashen yankinmu kuwa suna can baya.

Akwai masu cewa ai NAT kariya ce, tunda ba a iya shigo maka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kyamarori da rautoci masu rauni da yawa ne, kuma a buɗe su ga duniya haɗari ne. Amma hana baƙo shiga aikin katangar tsaro ne, kuma tana yin sa a IPv6 kamar yadda take yi a IPv4. Mai katanga yana da makulli, ya buɗe wa wanda ya ga dama ya rufe sauran. Wanda ke bayan NAT na kamfani ba shi da makulli ko kaɗan. Haka nan samun IPv6 ba ya nufin an buɗe maka, wasu kamfanonin waya suna toshe kiran da ke shigowa ko da sun ba ka adireshin. Sai dai a nan magana ta koma ta manufa, wadda ake iya tambaya a kai, a yi ƙorafi, hukumar sadarwa ta sa baki.

Mai rubuta manhaja ma yana da nasa kason a jinkirin, kuma shi ne kason da ke hannun ɗalibinmu. Yawancin darussan da ake koyo da su har yau AF_INET suke nunawa, wato alamar soket na IPv4, da ma'ajin adireshi mai bayit huɗu, wato bit 32, da gethostbyname, tsohon umarnin neman adireshi da suna. Manhajar da aka gina haka ba ta ganin IPv6 ko an kawo shi bakin ƙofa. Hanyar da ta dace ita ce getaddrinfo: ka ba shi suna da ƙofa, ya dawo maka da jerin adiresoshi na kowane iri, ka gwada su har ɗaya ya amsa. Burauzoji na zamani ma tsere suke sa biyun, su ba IPv6 ɗan fifiko na ƙiftawar ido, wanda ya riga haɗuwa a tafi da shi. Sauran tarkunan ƙanana ne amma suna kayar da mutum: gurbin adireshi a rumbun bayanai da aka yanka wa harafi 15 kawai, ko layin da ke raba adireshi da ƙofa ta hanyar neman ɗigo biyu, alhali adireshin IPv6 cike yake da su, shi ya sa ake rufe shi da baka mai kusurwa a rubuta [::1]:8000.

Shi kuwa ɗalibin, abin da zan ce masa a wannan safiya shi ne ya fara haɗa kwamfutarsa da wayar wani a hotsfot ɗaya, ya yi bind a 0.0.0.0, ya gwada da adireshin cikin gida. In ta amsa, manhajarsa lafiya take. Sannan ya sake rubuta ta yadda za ta saurari nau'i biyun, ya buɗe saitin wayarsa ya duba jerin adiresoshinta. In ya ga wanda ya fara da 2c0f, wannan daga kason Afirka ne, na waje ne, sai ya tambayi abokin ko shi ma yana da irinsa, su gwada. In fe80 kaɗai ya gani, wannan ba ya wuce hanyar da na'urar ke haɗe da ita. A nan zaɓinsa biyu ne, ko ya yi hayar kwamfuta a wata cibiyar bayanai ya ɗora manhajar a can, ko ya bi ta ɗaya daga cikin hidimomin da ke haƙa rami daga ciki zuwa waje. Kowanne ya ɗauka, gaisuwar da ya rubuta a Kano sai ta biya ta hannun wani kafin ta isa Zariya.